Daga Barkwanci Zuwa Gaba: Darasin Masar da Aljeriya ga Masoya Tamaula



A daren Juma'a 14 ga watan Agusta na shekarar 2020, ƙungiyar Bayern Munich ta Jamus ta lallasa Barcelona a birnin Lisbon, aka tashi 8 da 2. Washegari da hantsi, a wata fada ta unguwarmu, wani saurayi mai goyon bayan Real Madrid ya ƙunsa goro takwas cikin ganye, ya aiki yaro ya kai wa taubashinsa, wani tela mai son Barcelona. Saƙon da ya haɗa da shi shi ne yana yi masa ta'aziyya, amma ya daure ya maido masa biyu. Duk wanda ya ji sai da ya yi dariya, har shi telan kansa.

Da a nan abin ya tsaya, da ba mu ɗauki alƙalami ba. Kwana uku ana jan zancen. Aka laƙaba wa telan suna Malam Takwas, yara suka ɗauka suna bin sa da shi a titi, masu kawo ɗinki ma suka shiga. Da abin ya ishe shi, sai ya tona wa taubashin nasa asirin wani bashi da ake bin sa, a gaban jama'a. Shi kuma ya mayar masa da zagin uwa. Aka kifar da butar shayi, aka yage riga, aka raba su da ƙyar. Bayan mako biyu aka yi suna a gidan ɗayansu, ɗayan bai leƙa ba. A nan ne dangi suka kawo maganar gaban mahaifinmu, limamin unguwa. Za mu dawo kan abin da ya faɗa musu. Kafin nan, bari mu duba yadda irin wannan tsokana ta taɓa haɗa ƙasashe biyu na Musulmi faɗa, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Tsohon miki

Masar da Aljeriya ƴan'uwa ne na jini da tarihi. Daga Alƙahira, ta gidan rediyon Sautul Arab, aka watsa sanarwar fara yaƙin ƙwatar ƴancin Aljeriya a watan Nuwamba na 1954. A Alƙahira aka shelanta gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya ranar 19 ga Satumba 1958. A yaƙin 1973 kuma Aljeriya ta aika dakarunta da jiragenta su tsaya tare da Masar. Duk da wannan zumunci, akwai wani miki da ƙwallo ta bari tsakaninsu tun 1989.

A waccan shekara ƙasashen biyu suka kara don neman zuwa gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya. An tashi babu ci a birnin Ƙusanɗina, sannan a Alƙahira, cikin watan Nuwamba, Hossam Hassan ya ci wa Masar ƙwallo ɗaya wadda ta fitar da Aljeriya. Bayan wasan rikici ya ɓarke, likitan tawagar Masar ya rasa ido ɗaya sakamakon jifa da fasasshiyar kwalba. Kotun Masar ta ɗora laifin a kan shahararren ɗan wasan Aljeriya Lakhdar Belloumi, ta yanke masa hukunci ba ya nan, shi kuwa ya yi ta musantawa. Shekara ashirin takardar kamu ta ƴan sandan duniya tana kansa, sai a 2009 aka janye ta. Yaran da aka haifa bayan 1989 a ƙasashen biyu ba su ga wasan ba, amma sun gaji labarinsa, kowane ɓangare da irin yadda aka ba shi.

Kwana bakwai na Nuwamba 2009

Sai ƙuri'a ta sake haɗa su rukuni ɗaya, tare da Zambiya da Ruwanda, a neman zuwa gasar duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. A watan Yuni na 2009 Aljeriya ta ci Masar 3 da 1 a birnin Bulaida. Wasan ramuwa ya faɗo ranar ƙarshe, 14 ga Nuwamba, a Alƙahira.

Makonni kafin ranar, baki ya riga ƙafa shiga fili. Jaridu da gidajen talabijin na ɓangarorin biyu suka shiga gasar habaici, matasa kuma suka ɗauka a intanet da wayoyin salula: waƙoƙin zambo, hotunan da aka sauya don wulaƙanci, zagin tuta da shugabanni. Kowane zagi sai ya haifi wanda ya fi shi muni, domin babu mai son a ce shi ya yi shiru.

Ranar Alhamis 12 ga wata, motar da ta ɗauko ƴan wasan Aljeriya daga filin jirgin Alƙahira ta sha ruwan duwatsu. Ƴan wasa uku suka ji rauni, cikinsu da Rafik Halliche da Khaled Lemmouchia, waɗanda suka buga wasan kawunansu a naɗe. Wasu kafofin Masar suka ce ai Aljeriyawan ne suka fasa gilasan da kansu. Ranar Asabar Amr Zaki ya ci wa Masar tun farkon wasa, Emad Moteab ya ƙara ta biyu a minti na biyar na ƙarin lokaci. Wannan 2 da babu ta sa ƙasashen suka yi kunnen doki a komai: maki 13 kowacce, ƙwallaye 9 da ta ci, 4 da aka ci ta. Dole a yi wasan raba gardama a wata ƙasa ta uku, aka zaɓi Sudan.

A daren nan jita-jita ta bazu a Aljeriya cewa an kashe magoya bayansu a titunan Alƙahira, har wasu jaridu suka buga. Jakadan Aljeriya a Masar ya ƙaryata, amma kafin gaskiya ta ɗaura ɗamara ƙarya ta gama gari. Fusatattun matasa suka afka wa ofishin kamfanin jiragen saman Masar da na kamfanin salula na Djezzy, wanda a lokacin mallakar Misirawa ne. Ma'aikata Misirawa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka kwana cikin tsoro, da yawa suka kwashe iyalansu suka bar ƙasar.

Ranar Laraba 18 ga wata aka haɗu a filin ƙungiyar Al-Merreikh da ke Umdurman, inda hukumomin Sudan suka baza ƴan sanda kimanin dubu 15. Antar Yahia ya ci wa Aljeriya ƙwallo ɗaya tilo kafin a tafi hutun rabin lokaci, kuma a haka aka tashi. Yanzu kuma sai Misirawa suka ce an jefi motocinsu a hanyar filin jirgi. Masar ta kira jakadanta gida. Masu zanga-zanga suka nufi ofishin jakadancin Aljeriya a unguwar Zamalek, suka yi arangama da ƴan sanda. A wasu gidajen talabijin aka kai ga zagin shahidan yaƙin ƴancin Aljeriya, wato mutanen da Masar ɗin kanta ta tallafa wa da makami da murya. Ita ma Sudan mai masaukin baƙi ba ta tsira ba, har sai da ta kira jakadan Masar ta nuna masa ɓacin ranta kan yadda ake bayyana ta a kafofin ƙasarsa.

Riba nawa aka ci?

Yana da kyau mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Aljeriya ta je Afirka ta Kudu, ta buga wasa uku: Sulobeniya ta ci ta 1 da babu, ta yi canjaras da Ingila, Amurka ta ci ta 1 da babu. Ta dawo gida ba ta zura ko ƙwallo ɗaya ba. Masar ta huce haushinta a watan Janairu na 2010 a birnin Bengela na Angola, inda ta ci Aljeriya 4 da babu a wasan kusa da ƙarshe na kofin Afirka, aka kori ƴan Aljeriya uku da jan kati, ta kuma ɗauki kofin karo na uku a jere. A watan Mayu na wannan shekara hukumar FIFA ta ci tarar Masar faran dubu 100 na Suwizalan saboda jifan motar nan, ta kuma yanke cewa ta buga wasanninta biyu na gida na neman kofin duniya nesa da Alƙahira da aƙalla kilomita 100.

Sai kuma duniya ta yi rawarta ta ƴan mata, na gaba ya koma baya. Ranar 10 ga Oktoba 2010, wannan Masar mai kofi uku a jere ta je Yamai, Moussa Maazou ya ci wa Mena ƙwallo ɗaya a filin Janar Seyni Kountché, aka tashi 1 da babu. A ƙarshen zagayen Nijar ce ta tafi kofin Afirka na 2012, karonta na farko a tarihi, Masar ta zauna gida. A ranar ƙarshe ta wannan rukuni ƴan wasan Afirka ta Kudu har rawa suka taka a fili bayan canjaras da Saliyo, suna zaton sun wuce, ashe ba su karanta ƙa'idar gasar da kyau ba. A tamaula babu wanda ke dawwama a sama, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin lura kuma shi ne yadda aka fara ɗinke ɓarakar. A watan Yuli na 2010 ɗan'uwan shugaba Abdelaziz Bouteflika ya rasu, shugaba Hosni Mubarak ya tashi takanas ya je Aljeriya ta'aziyya. Zaman makoki ya yi abin da masu sharhin wasanni suka kasa. Shekara goma bayan jifan motar, ranar 19 ga Yuli 2019, Aljeriya ta ci Senigal 1 da babu ta ɗaga kofin Afirka a filin nan na Alƙahira inda aka yi wasan 2009. Gaba ta wuce, amma wanda ya rasa aikinsa, da wanda aka fasa wa kai, babu kofin da ya biya su.

Yadda mai tsokana ke aiki

Idan muka duba wannan labari da na fadar unguwarmu, za mu ga zare ɗaya ne. Mai tsokana ba ya neman a tattauna wasa. Ba ruwansa da ko mai horarwa ya yi kuskuren canji, ko mai tsaron gida ya fito da wuri. Abin da yake farauta shi ne fushinka, shi ne ladansa. Yakan fara da ƙungiya, in ya ga ka daure sai ya koma kan ɗan wasan da kake ƙauna, in ka ƙara daurewa sai ya sauko kanka: sana'arka, ƙabilarka, launin fatarka, iyayenka. Da zarar ka mayar da martani cikin hushi, ya samu abin da yake so, ƴan kallo kuma sun samu sinima kyauta, suna zuga wannan suna zuga wancan.

Wayar salula ta ƙara wa wutar iska ta hanyoyi uku. Na farko, mai zagi ba ya ganin fuskar wanda yake zagi, don haka kunyar ido da ke taka wa mutum birki ta tafi. Na biyu, maganar baki iska kan tafi da ita, amma abin da aka rubuta ko aka naɗa yana nan, ana sake tura shi, ana sake jin zafinsa kamar yau aka faɗa. Na uku, ƙarya mai tayar da hankali ta fi gyaranta saurin tafiya, kamar yadda labarin gawawwakin Alƙahira ya nuna.

Kada a ɗauka ciwon na Larabawa ne kaɗai. Bayan wasan ƙarshe na kofin Turai ranar 11 ga Yuli 2021, ƴan wasan Ingila uku baƙar fata, Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka, sun ɓarar da bugun fanareti, sai aka rufe su da zagin wariyar launi, har ƴan sanda suka kama mutane. A Sipaniya, wata kotu ta yanke wa wasu magoya bayan Valencia uku ɗaurin wata takwas a watan Yuni na 2024 saboda cin mutuncin da suka yi wa Vinicius Junior a wasan watan Mayu na 2023. Abin takaici ne a ji saurayi baƙar fata a garuruwanmu yana maimaita irin waɗannan kalmomi a kan ɗan wasan ƙungiyar da ba ya so, bai lura da cewa kansa yake zagi ba.

Kuma ciwon ba sabo ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci tarihin Larabawa kafin Musulunci ya ji labarin Dahis da Gabra'u, dawakan da aka yi tsere da su tsakanin ƙabilun Absu da Zubyan. Aka yi maguɗi a tseren, aka ƙi biyan abin da aka sa, magana ta yi tsami, aka zubar da jini, kuma masu tarihi suka ce shekara arba'in ana yaƙi. Dokin da aka yi faɗan dominsa ya daɗe da mutuwa, mutane suna ci gaba da binne ƴaƴansu.

Mu ma muna da wasa, amma da ƙa'ida

Ba muna cewa a daina raha ba. Mu mutane ne masu barkwanci, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Nijar cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, Bazabarme da Buzu, Bakano da Badamagare, ɗan mace da ɗan namiji, jika da kaka: kowa ya san abokin wasansa, kuma maganar da suke jefa wa juna wani lokaci ta fi ta masoya ƙwallo kaifi. To me ya sa ita ba ta kai ga fasa kai?

Saboda tana tafiya da haƙƙi. Abokin wasanka shi ne wanda in ka yi fushi da wani, ya sa baki, dole ka haƙura. In ka sauka garinsu baƙo, shi zai ba ka masauki yana yi maka tsiya. In an yi maka rasuwa, yana cikin masu ɗaukar makara. Ana yin wasan ido da ido, tsakanin mutanen da suka san juna, kuma kowa ya san inda ake tsayawa: ba a tona asiri, ba a taɓa abin da mutum ke ɓoyewa don kunya, kuma in fuskar ɗaya ta sauya, ɗayan kan janye. Tsokanar ƙwallo ta ari rigar barkwanci ta bar haƙƙin da ke cikinta. Mai son Madrid ba ya jin akwai wani nauyi na mai son Barcelona a kansa, shi ya sa ba ya ganin dalilin tsayawa.

Addininmu ma bai bar wannan fage ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana aibanta juna, ta hana jifan juna da laƙabin da mai shi ba ya so. Malaman hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa, amma ba ya faɗar komai sai gaskiya. Sun kuma ruwaito gargaɗinsa cewa mutum kan jawo wa iyayensa zagi ta hanyar zagin iyayen wani. Ma'aunin a bayyane yake: wasan da mutum biyu suka yi dariya a kansa halal ne, wanda ɗaya ke dariya ɗaya na haɗiye baƙin ciki ya zama cuta.

Hukuncin liman

Mu koma zauren mahaifinmu. Da samarin biyu suka zauna, kowa ya sunkuyar da kai, bai tambaye su labarin ƙwallo ba, domin shi bai san Madrid ba, bai san Barcelona ba. Ya dubi wanda ya aika goron ya ce: "Kai ɗana, goron nan da ka aika ba ka yi laifi ba, taubashinka ne, haƙƙinka ne ka tsokane shi. Amma gaya mini, matar da ka zaga, mece ce ita a wurinka?"

Saurayin ya yi shiru, can ya ce: "Goggona ce, Malam."

"Uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifinka?"

"Haka ne, Malam."

"To tashi ka je ka gaya wa mahaifinka abin da ka ce wa ƙanwarsa. In ka iya maimaita shi a gabansa, ka dawo in ba ka gaskiya."

Bai iya tashi ba. Sai Malam ya juya ga telan ya ce: "Kai kuma, bashin da ka tona, da amana aka gaya maka ko a kasuwa ka ji?" Ya ce da amana. Malam ya ce: "To shi ya ci mutuncin goggonsa, kai ka ci amanar ɗan kawunka, su kuwa waɗanda kuke yi dominsu an biya su albashinsu, sun yi musayar riguna sun tafi gida." Ya umarce su su je tare su roƙi tsohuwar gafara, kuma telan ya ɗinka wa jaririn da aka raɗa wa suna riga, ya kai da hannunsa. Har yau suna tsokanar juna duk ranar da ƙungiyoyinsu suka haɗu, amma ba mu ƙara jin sunan Malam Takwas a bakin kowa ba.

Kira ga gidajenmu

Ya ku iyaye, hana yaro kallon tamaula ba shi ne magani ba, kuma da wuya ya yiwu. Abin da ke hannunmu shi ne mu saurari yadda ƴaƴanmu ke magana bayan an tashi wasa. In mun ji laƙabi ya manne wa wani yaro a unguwa, mu kashe shi tun yana ɗanye, kada mu taya dariya. In labari mai tayar da hankali ya shigo wayar gida, mu koya musu su tambayi wa ya faɗa kuma wa ya gani kafin su tura wa wani. Iyaye mata su lura da ɗan da ya dawo daga gidan kallo ya ƙi cin tuwo, su ja shi da hira, domin baƙin cikin da aka raina shi ke zama faɗa gobe. Shugabannin fada da masu gidajen kallo kuma su kafa doka tun kafin a busa usur: a taɓa ƙungiya, kada a taɓa iyaye, ko ƙabila, ko addini, ko wata nakasa ta jiki.

Ku kuma samari, in an tsokane ku, ku tuna cewa fushinku ake nema. Wanda ya yi murmushi ya ce "yau taku ce" ya hana mai tsokana ladansa. In kuwa ku ne da nasara, ku yi murnarku ku bar wa ɗan'uwanku ƙofar da zai dawo fada gobe ba tare da kunya ba, domin magana zarar bunu ce, kuma mako mai zuwa akwai wani wasan.

Allah Ya tsare harsunanmu daga abin da zai raba mu da ƴan'uwanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.